Daga Dogon Dutsi zuwa Maraɗi: a buhun wa za mu zuba albasarmu?

 

Ni manomi ne a wani ƙauye na Dallol Mauri, kusa da Dogon Dutsi. Ni ne kuma magatakardan ƙungiyarmu ta masu garka, don na samu karatun manya. Ga labarin wata tafiya ta kwana 6 da munka yi, ni da ma'ajin ƙungiya. Ku karanta shi, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

Mafarin tafiya

Bara albasarmu ta yi kyau. Wani ɗan kasuwa ya zo da mota, da buhunansa, da yaransa. Yaran sunka zuba albasa, sunka girgiza, sunka danna. Da buhu ya cika, sunka ƙara wani tuli a bisa bakinsa, sunka rufe da wani yanki na buhu, sunka ɗinke. Wannan ƙarin shi ake kira hula. Ɗan kasuwa ya ƙidaya buhu, ya biya, ya tafi. Ba mu sayi buhu ba, ba mu taɓa basilla ba. Amma da dare kowa ya yi jugum. Garkar da nake sa ran buhu 40, buhu 32 ta ba ni.

Bana ya aiko da saƙo zai dawo. Samari sunka ce a'a. Sunka ce mu sayi buhu da sikeli, mu ɗura kayanmu da kanmu. Dattawa sunka ce kuɗin asusu ba su da yawa. In munka ɗura, ba mai saye, albasa ta ruɓe a hannunmu, wa zai biya bashin taki da na man inji? Anka yi dare 3 ana gardama. Daga ƙarshe shugaba ya ce: «Gani ya kori ji. A aiki mutum 2 ƙasar albasa, su gano mana yadda ake yi.» Anka zaɓe ni, don in rubuta. Anka zaɓi ma'aji, dattijo ne, don hannunsa ba ya sakin dala sai da dalili.

Tsarnawa: maganar ɗan kasuwa

A farkon watan Maris munka shiga mota. Munka bi babbar kwalta, hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Munka wuce Birnin Ƙonni. Kaɗan gaba sai ga Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa. Tun ba mu sauka ba warin albasa ya tarbe mu.

A Tsarnawa akwai babbar kasuwar albasa. Amalanken jakai da na shanu suna shigowa daga garake. Manyan motoci suna jere, ana lodi. Wasu za su Gana, wasu Kwaddibuwa, wasu Togo. Munka tsaya muna kallon ƴan dako. Buhu guda sai mutum 4 sun kama shi. Su ɗaga, su jefa cikin mota, wani ya hau bisa ya taka. Ma'aji ya taɓa ni, ya ce: «Malam, albasa fa ba dutse ba ce.» Gaskiyarsa. Albasar da ta bugu ba ta nunawa ranar nan. Sai bayan kwanaki take yin ruwa, ta shafa ma na kusa da ita.

Wani Alhaji ɗan kasuwa yana zaune a inuwa, yana rubutu a littafi. Munka gaishe shi, ya ba mu tabarma. Na tambaye shi kai tsaye: «Alhaji, don me buhunku ke da girma haka?»

Ya yi dariya, ya ce: «Malam, ku manoma kuna cewa mu ɓarayi ne. To, saurara. Mai mota buhu yake ƙidayawa, ba kilo ba. Ƴan dako buhu suke ƙidayawa. Haraji da yawa a kan buhu ake yanka shi. In buhuna ya yi girma, kuɗin hanya sun ragu mini. Sa'an nan hanya tana da nisa. Kafin mota ta isa Kumasi ko Ankara, wata albasa ta ruɓe, wata ta tsotse. Hula ita ke cike wannan giɓi.»

Ya ƙara da cewa matan da ke sari a kasuwannin Gana sun saba da babban buhu. Sun san kwano nawa ke fita a cikinsa. Ya ce kasuwa kuma ba ta zama wuri ɗaya. A shekara ta 2021 an tayar da ƴan albasa daga tsakiyar birnin Ankara, an mayar da su bayan gari. A shekara ta 2023 an rufe iyakar Benin, motoci sunka canza hanya, kwanakin tafiya sunka ƙaru.

Ma'aji ya ce: «Alhaji, mun ji. Amma buhun nan kilo nawa ne?»

Alhaji ya ce: «Baba, buhu dai buhu ne.»

Nan maganar take. Babban buhu yakan wuce kilo 100, wani ya kai 120, wani ya ɗara. Mai saye ya san nauyinsa, don kullum yana ɗaukarsa. Mai sayarwa bai sani ba. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A ranar nan na gane ido bai san kilo 20 ba.

Na rubuta a littafina: ɗan kasuwa yana da hujjarsa. Yana kawo buhu, da ma'aikata, da kuɗi hannu. Shi ke ɗaukar hasarar hanya. Amma in buhu nasa ne, ma'auni ma nasa ne.

Galmi: waɗanda sunka gwada da kansu

Kashegari munka ci gaba. Munka wuce Malbaza, inda ake yin siminti. Munka wuce Dogarawa. Ƙasar nan ta tuddai ce da jan dutse, amma cikin kwari sai kore shar. Ko'ina injin ban ruwa yana kuka. Sai ga Galmi, wajen kilomita 500 daga Yamai.

Galmi ba babban birni ba ne, amma sunanta ya kai nesa. Mutane sun san ta da asibitinta. Sun san ta da madatsar ruwa da filin noman rani da ke ƙarƙashinta. Fiye da kome sun san ta da jar albasa. Irin nan ana shuka shi a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, amma ko'ina da sunan Galmi ake kiransa. Yana da yaji, yana da kauri a miya, yana kuma jimre ajiya.

Munka sauka wurin wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da gari. Suna da rumfa babba ta zana. A ƙarƙashinta mata da yara suna zaune, suna tsintar albasa. Tuli 3 suke yi: manya, matsakaita, ƙanana. Wadda ta ji rauni, da mai kauri a wuya, da tagwaye, ana ware su gefe, don a sayar da wuri ko a ci. Daga nan a zuba cikin jan buhun raga, a ɗora bisa sikeli. Buhun raga iri 2 ne, na kilo 25 da na kilo 50. Hukuma da ƙungiyar ƴan albasa ta ƙasa, wadda ake kira ANFO, sun daɗe suna kira a koma gare shi. Iska tana ratsa shi. Mai saye yana ganin abin da ke ciki. Mutum 1 ko 2 sun isa su ɗauke shi, ba sai an jefa ba.

Na ce ma shugabansu: «Ranka ya daɗe, kun huta.»

Ya girgiza kai, ya ce: «Ɗana, ba mu huta ba, aiki munka ƙara ma kanmu. Zauna in gaya maka kuskurenmu, kada ku maimaita.»

Kuskure na farko, sun sayi buhu kafin su samu mai saye. Sun ɗura, sun jera, sun zauna jira. Ƴan kasuwar da sunka zo sunka ce su babban buhu suke so. Dole anka kwance, anka juye. Kuɗin buhu da na aiki sunka tafi a banza. Sai daga baya sunka samu wani mai saye da ke kai kaya kantunan Yamai da Abijan. Shi kilo yake so, kuma iri ɗaya a kowane buhu.

Kuskure na biyu, sun ɗura albasa ɗanya. Shugaba ya ce buhu ba ya gyara albasa. Gyara daga garka yake farawa. A daina ban ruwa wajen mako 2 kafin cira, in ganye ya fara kwanciya. A bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe. Kada a yanke ganye dab da kai. Kada kuma a cika mata farin taki, don yana sa ta girma da ruwa, ba ta ajiyuwa.

Kuskure na uku, wani daga cikinsu ya sa manya a sama, ya ɓoye ƙanana da ruɓaɓɓu a tsakiya. A babban buhu wannan dabara takan wuce. A buhun raga ba ta ɓoyuwa. Mai saye ya gani, ya rage kuɗin mota guda. Laifin mutum 1 ya shafi kowa. Tun daga ranar, kowane buhu ana ɗaura masa ƴar takarda: sunan ƙungiya, lambar mai kaya, nauyi, da ranar ɗuri.

Ma'aji ya ce: «To, duk albasarku haka kuke yi mata?»

Shugaba ya ce a'a. Kashi guda kawai suke ɗurawa da kansu, gwargwadon abin da mai saye ya nema. Kashi guda suna sayar ma masu babban buhu, don a samu kuɗin biyan bashi da wuri. Kashi na uku suna zubawa a rudu, wato rumbun albasa na kara da ciyawa, mai gado a ɗage daga ƙasa. Wannan ba a sa shi a buhu sam sai ranar sayarwa. Lokacin cira, daga Maris zuwa Mayu, albasa tana arha. In damina ta yi nisa sai ta yi tsada. Amma ko wanda za a sayar a babban buhu, sai sun ɗora buhu 2 ko 3 a sikeli tukuna, sa'an nan a yi ciniki.

Ya raka mu bakin hanya, ya ce: «Abu guda zan ƙara. Wanda ya ci bashin ɗan kasuwa tun lokacin dashe, ba ya da bakin zaɓen buhu.»

Madawa: sunan wa ke kan kaya?

Daga Galmi zuwa Madawa ba nisa. Madawa tana bakin kwarin Tarka, nan ma albasa ce ko'ina. Amma mu wurin mahauta munka nufa, don yunwa, da kuma don kilishin Madawa ya yi suna. Ashe a can ma darasi yana jiranmu.

Kun san aikin kilishi. A yanka nama falle-falle, a shanya a rana. A tsoma shi cikin labu na gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa. Wani mai kilishi ya yanka mana, ya naɗe a takarda. Ya ce ga matafiyi takarda ta isa, in dai mai tsabta ce. Ya ce shi ba ya amfani da takardar buhun siminti, ko da an kakkaɓe, don abin ci ne.

Amma yana da wata damuwa. Wani mai kanti a Yamai yana sayen kilishinsa da yawa. A can ake yanka shi ƙanana, a sa a leda mai kauri, a liƙe da inji, a manna takarda mai kyau. Ƙanensa ya tafi Yamai, ya gani a kanti. Kuɗinsa ya ƙaru sosai. Sunan da ke kan ledar kuwa na mai kanti ne. Ba sunan mai kilishi, ba sunan Madawa.

Na ce: «To, sarkin fawa, me ya hana ka sayi injin?»

Ya ce ya yi tunani. Injin liƙe leda sai da wutar lantarki. Ledar kirki daga nesa take zuwa, kuma ba a sayar da ita kaɗan. Masu buga takarda ba su buga 50, sai ɗaruruwa. Kuma in kilishi bai bushe sarai ba, anka liƙe shi, zai yi fumfuna, sunan mai shi ya ɓaci. Ya ce: «Ni nama na sani. In na tsaya liƙe leda, wa zai tsaya bakin wuta?»

Abin da ya shirya shi ne, ya bar ma mai kanti aikin liƙewa, amma su yi sharaɗi. A rubuta sunansa da na garinsa a kan takardar. A auna kilishin a gabansa kafin ya hau mota. Kowa ya riƙe takardar awo.

Na rubuta a littafina: ba kowane aiki ne mutum zai yi da kansa ba. Ana iya ba wani aikin ɗuri. Amma suna ba a ba da shi kyauta.

Maraɗi: mata masu mai, da tsohon ma'auni

Munka kwana a Madawa, da safe munka kama hanya. Munka wuce Gidan Rumji da Tibiri, munka shiga Maraɗi da azahar. Maraɗi garin kasuwa ne. Iyaka tana kusa. Kaya suna shigowa daga Kano da Katsina, ta Jibiya da Ɗan Isa. A kasuwa munka ga rumfunan masu buhu: na garara, na raga, da na leda irin na taki. Munka tambayi kuɗin kowane, na rubuta. Wani mai rumfa ya gargaɗe mu. Ya ce buhun taki na hatsi ne, ba na albasa ba, don yana riƙe zafi.

Ƴar ƙanwar ma'aji tana aure a garin. Ita ta kai mu wurin ƙungiyarsu ta mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shugabarsu ta ce da can a tsofaffin gorunan ruwa suke zuba mai. Yara ke tsinto su. Maƙwabta suna saye, amma kanti ba ya karɓa. Ƙuli-ƙuli kuwa a baƙar leda. Ta ce an gaya musu tun shekara ta 2014 akwai dokar da ta hana irin wannan leda marar kauri. Ku makiyaya kun fi kowa sanin ɓarnarta, don kun sha ganinta a cikin tumbin dabba.

Yanzu sun raba aikin gida 2. Sababbin goruna masu murfi, saye suke yi. Takardar da ake mannawa, wani mai ɗab'i ne a gari yake buga musu. Ƙungiya 3 sunka haɗa kuɗi sunka sayi goruna tare, don sari ya fi arha. Amma tace mai, da awon lita, da zubawa, da rubuta rana, su ke yi da hannunsu.

Na ce: «Hajiya, don me ba ku ba wani ya zuba muku gaba ɗaya ba?»

Ta ce: «Malam, in mai ya bar gabana a buɗe, ban san abin da za a ƙara masa ba. In ya bar gabana a rufe, na san abin da na sayar.»

Da dare, a gidan da munka sauka, akwai wani tsoho. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya gyara zama. Ya ce ma ma'aji: «Ɗan uwa, wannan gardama taku ta girme ku.» Ya ba mu labarin zamanin gyaɗa. A shekara ta 1962 gwamnati ta kafa SONARA, mai sayen gyaɗa, da UNCC, mai kula da ƙungiyoyin manoma. Kafin nan manomi yakan kai gyaɗarsa, yaran ƴan kasuwa su auna, su faɗi abin da sunka ga dama. Daga baya, a ƙasar Damagaram da ta Maraɗi, anka fara koya ma manoma karatu da lissafi, don su riƙe kasuwar gyaɗa da kansu. Ƙauye ya zaɓi mai awo, ya zaɓi mai rubutu. Tsohon nan yana cikin masu awo, yana saurayi. Ya ce fari na 1973 da ciwon gyaɗa na 1975 sun karya wannan kasuwa. Amma har yau bai manta ranar da ya fara karanta lambar sikeli da idonsa ba. Ya ce ranar ce ya san nauyin guminsa.

Lissafin da munka kai gida

A cikin mota, a hanyar komawa, ni da ma'aji munka yi lissafi. Kuɗin da ke nan misali ne kawai. Kowa ya tambayi kuɗin yau a kasuwarsu, ya sa a wurinsu.

Lissafi na 1, hula. A ce an sayi buhu jikka 12. In buhun kilo 100 ne, kilo guda ya kama dala 24. In kilo 120 ne, kilo guda ya kama dala 20. Bambanci dala 4 a kowane kilo. Mai buhu 50, in kowane buhu ya ɗauki ƙarin kilo 20, ya ba da kilo 1.000. Wato buhu 10 na kilo 100.

Lissafi na 2, ɗuri da kanmu. A ce muna da tan 10, wato kilo 10.000. Muna bukatar buhun raga 200 na kilo 50. A ce kowane buhu dala 50: jikka 50. A ce tsinta da ɗinki da igiya dala 30 a kowane buhu: jikka 30. Jimla jikka 80. Wato tamma 8 a kowane kilo, ba su kai dala 2 ba. Sai a ƙara kuɗin sikeli da na rumfa, waɗanda sau ɗaya ake saye.

A takarda ɗuri da kanmu ya fi. Amma sai in akwai mai saye da kilo, wanda zai biya kuɗin da ya fi na babban buhu. In babu shi, jikka 80 sun faɗa rijiya. Kuma mai buhu 10 shi kaɗai ba zai iya sayen sikeli ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ƙungiya ta yanke

Ranar da munka iso, bayan sallar isha'i, anka taru a ƙofar mai gari. Na karanta littafina tun daga Tsarnawa har Maraɗi. Samari ba su samu duk abin da suke so ba. Dattawa ma haka. Ga abin da anka yanke:

1. Za mu sayi sikeli da littafi da kuɗin asusu. Ba buhun da zai bar garinmu ba a san nauyinsa ba, ko na wa ne.

2. Tsinta mu za mu yi, a rumfa guda, a gaban kowa. Mata masu tsinta za a biya su.

3. Ɗinki da lodi za mu ɗauki waɗanda sunka iya, mu biya su a kan buhu.

4. Buhun raga ba za mu saya ba sai mun samu mai saye, mun yi magana a gaban shaidu, an rubuta. Bana da buhu 100 za mu gwada.

5. Ɗan kasuwarmu na bara ba mu kore shi ba. In ya zo da buhunsa, maraba. Amma za a auna, sa'an nan a yi ciniki.

6. Kowa ya rage cin bashi a kan albasar da ba ta nuna ba.

Munka aika ma ɗan kasuwa da wannan magana. Da farko ya yi fushi. Ya ce shekara nawa yana zuwa, ba a taɓa auna masa buhu ba. Bayan kwana 4 ya sake aikowa. Ya ce zai zo, amma in za a auna, shi ma yana da sharaɗi: kada ya ga ruɓaɓɓiya ko guda a cikin kaya. Munka ce mun yarda. Ko zai biya kuɗin da muke so, wannan sai ranar ciniki. Yanzu dai ganye ya fara kwanciya, mun daina ban ruwa, an kafa rumfa.

Ƴan uwa, abin da na gano a tafiyar nan ke nan. Buhu, da gora, da takarda, da ɗinki, ana iya saye, ana iya ba wani ya yi. Awo, da tsinta, da suna, waɗannan a riƙe su a gida. Wannan ba maganar albasa kaɗai ba ce. Mai wake, da mai tattasai, da mai aya, da mai cuku, kowa ya duba nasa.

Ga aiki ga ƴan makarantar manya. Wani manomi yana da buhu 30. Kowane buhu kilo 125 ne, amma an biya shi kuɗin kilo 100. Kilo nawa ya bayar kyauta? Buhun raga nawa na kilo 50 za su cika da wannan ƙari? Ku yi lissafin a allo. In kun gama, ku tafi ku auna buhu guda na garinku.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Amin.